Ƙwarya ta bi ƙwarya: wane mashaci ya dace da gashinmu?

Masu iya magana sun ce ƙwarya ta bi ƙwarya, in ta bi akushi sai ta fashe. Wannan zance na tsofaffi ya dace da wani ɗan abu da ke cikin ɗakin kowace mace a ƙasar nan, tun daga Damagaram har Yamai, wanda ba kasafai ake tsayawa a dube shi ba, wato mashaci, wanda wasu ke kira mataji ko matsefi, tare da ɗan'uwansa buroshin kai. Duk wanda ya tashi cikin gidan Bahaushe ya san ranar tsifa, musamman in Salla ta matso: yarinya zaune tsakanin ƙafafun uwarta ko na makitsiya, ana jan kanta tana hawaye, ana ce mata ta yi haƙuri, ai gashinta ne ke da tauri. Idan an gama sai a dunƙule gashin da ya cika haƙoran mashaci a je a binne, a ce yarinya ba ta gaji suma ba. Haka ɗiya mace ke girma da imanin cewa nata gashin mugun iri ne, har wata rana ta je ta sayi man miƙar da gashi mai ƙuna don ta huta.

To, jama'a masu karatu, binciken da likitocin fata da masana suka yi cikin shekarun nan ya nuna cewa babban kaso na wannan laifi yana wuyan mashacin da hannun da ke riƙe da shi. Yawancin mashatai da buroshin da ke zube bisa teburan kasuwanninmu, an ƙera su ne tun farko domin miƙaƙƙen gashi irin na mutanen Turai da Asiya.

Yadda silin gashi yake

Idan aka yanka silin gashin Basine aka duba bakinsa da madubin likita, za a gan shi zagaye kamar bakin kara. Na baƙar fatar Afrika kuwa a ɗan daɓe yake, kamar ƙwayar wake da aka raba, kuma ramin da yake tsirowa daga cikin fatar kai shi kansa a lanƙwashe yake. Saboda haka silin ke fitowa yana murɗewa yana naɗewa kamar igiyar da aka tufka. Duk inda ya juya, wurin ya fi sauran jikinsa rauni, kuma nan ne yake tsinkewa in an ja shi da ƙarfi. Bayan haka, maiƙon da fatar kai ke fitarwa yana gangarawa cikin sauƙi bisa miƙaƙƙen gashi, amma a kan mai murɗiya sai ya maƙale kusa da gindi, bakin gashin ya zauna a bushe. Balle a ƙasa irin tamu, inda iskar hunturu ke busar da fatar mutum har ta tsage.

A shekarar 2000, wata likitar fata ta Afrika ta Kudu, Nonhlanhla Khumalo, ita da abokan aikinta, sun duba sili fiye da 2,000 daga kan baƙar fata 12. Sun tarar da cewa tsakanin 10 da 16 cikin ɗari na silin sun ƙulla kansu da kansu, kamar yadda ake ƙulla zare, alhali a gashin sauran jinsuna ko ɗaya cikin ɗari bai kai ba. Sun kuma tarar da yawancin gashin da mashaci ya kwaso karyayye ne, ba wanda ya faɗo da saiwarsa ba. Wani binciken da aka buga a 2001 ya nuna gashin ɗan Afrika ba ya kai santimita 1 a wata wajen tsiro, yayin da na Bature ke wuce haka. Ke nan abin da mashaci mara kyau zai karya cikin ɗan lokaci guda, sai kai ya yi watanni kafin ya mayar da shi. Matar da ke cewa gashinta ba ya tsawo, sau da yawa yana tsirowa daga ƙasa ne ana kakkarye shi daga sama.

Akwai kuma wani lissafi da ya kamata kowace mai kitso ta riƙe. Kan mutum lafiyayye yana zubar da sili 50 zuwa 100 a kowace rana. Idan kai yana kitse, wannan gashi ba shi da hanyar faɗuwa, sai ya zauna cikin kitson. Kitson da ya yi sati huɗu yana iya tara sili 1,400 zuwa 2,800 da suka riga suka rabu da fata, sun cakuɗe da mai da ƙura a gindin kowane layi. Wannan curin ne mashaci ke cin karo da shi ranar tsifa. Bambance wanda ya zube don kansa da wanda aka karya ba wuya: na farko dogo ne, da ɗan farin ƙullutu a gindinsa, na biyu gajere ne, ba ƙullutu.

Mashacin kakanni

Da tsohuwar zuma ake magani. Mutanen Afrika sun daɗe da gano irin mashacin da gashinsu ke so. A kaburburan kudancin Masar da na Sudan, masu tonon kayan tarihi sun samo mashatai na hauren giwa da na ƙashi waɗanda suka haura shekara 5,000, tun kafin zamanin Fir'aunoni. Siffarsu ɗaya ce: tsayayyu ne kamar tafin hannu, haƙoransu dogaye, da fili tsakanin haƙori da haƙori, a samansu kuma an sassaƙa tsuntsu ko barewa ko raƙumin dawa. A 2013 gidan tarihi na Fitzwilliam da ke Kambirij a Ingila ya yi baje koli na musamman a kan tarihin shekara 6,000 na wannan mashaci. A Gana, Asantawa suna da nasu na itace mai suna duafe, wanda har ya shiga cikin alamominsu na adinkra a matsayin shaidar tsabta da kyawun hali na mace.

Hikimar wannan ƙira a fili take. Dogon haƙori yana nutsewa cikin suma mai yawa har ya kai gindi. Faɗin da ke tsakanin haƙora yana barin murɗaɗɗen sili ya wuce ba tare da an tilasta masa miƙewa ba. Sannan yadda ake riƙe shi, ana soka shi ne a ɗaga gashi sama kaɗan kaɗan, ba a jan sa daga goshi zuwa ƙeya kamar mai huɗa. Makitsiyar gargajiya a ƙasar Hausa ita ma da wannan ilimi take aiki: tsinke guda ɗaya take sa wa ta warware kitso daga baki zuwa gindi, ta raba da yatsu, ta shafa man shanu ko man kaɗe, sannan mashaci ya biyo baya.

Waɗanda aka raba da mashacinsu

Darajar abu ba ta bayyana sai an rasa shi. Bayin da aka kwashe daga gaɓar Afrika zuwa Amurka sun sauka can ba su da mashacin gida, kuma na iyayen gijinsu masu ƙananan haƙora ba ya shiga kansu. Tsofaffin bayi da aka ɗauki labarinsu daga baya sun faɗi yadda ake taje kan yara da abin shatar ulun tumaki, mai haƙoran ƙarfe. Daga irin wannan wahala ce ra'ayin nan na "gashi mai kyau" da "mugun gashi" ya yi saiwa a tsakaninsu.

Su ne kuma suka fara neman mafita. A watan Nuwamba na 1898, wata baƙar fata mai gyaran gashi a birnin Niyok, Lyda Newman, ta samu takardar mallakar wani buroshi da ta ƙirƙira, wanda aka jera gashinsa layi layi da rami a tsakani, datti na faɗawa ta baya, a buɗe a zubar. A farkon shekarun 1960, wani wanzami na birnin Sandiyego mai suna Willie Morrow ya ga mashacin itace da wani abokinsa ya zo da shi daga Nijeriya, sai ya kama sassaƙa irinsa yana sayarwa, daga baya ya koma yin na roba masu yawa. A 1969 wasu baƙar fata biyu, Samuel Bundles da Henry Childrey, suka nemi rajistar nasu samfurin, sannan a 1972 aka zana wanda ya fi kowanne suna, mai dunƙulallen hannu a mariƙinsa, alamar gwagwarmayar baƙar fatar Amurka. Manyanmu da suka yi samartaka a shekarun 1970 suna tune da shi, lokacin da kowane ɗan lakkwal ke tara suma yana soke mashaci a ƙeya. Abin da ya tashi daga Afrika da itace, ya dawo mata da roba.

Daga gashin alade zuwa haƙori mai lanƙwasa

Shi kuwa buroshi, tarihinsa na Turai ne. Asalinsa da gashin aladen daji ake yin sa, a cushe sosai, domin ya kwantar da miƙaƙƙen gashi ya janyo maiƙo daga gindi zuwa baki. A kan gashi mai murɗiya irin wannan buroshi ba ya nutsewa, saman kawai yake gogewa. Har yanzu ana sayar da shi, kuma wanda ke ƙyamarsa sai ya duba kwalin, domin da Faransanci ana rubuta kalmar sanglier a jiki.

Gyara na farko mai muhimmanci ya zo a 1885, lokacin da Mason Pearson a birnin Landan ya dasa gashin buroshi bisa wata ƴar katifar roba mai iska a ciki, yadda in ya gamu da turjiya sai katifar ta lotsa. A 1938, bayan an gano zaren nailan, John Denman Dean ya fito da buroshin Denman, mai haƙoran nailan masu santsi da aka jera layi layi cikin jar roba. Wanda aka fi sani yana da layi 7. Abin lura a nan shi ne, mata masu murɗaɗɗen gashi a Turai da Amurka sun gano ana iya zare robar daga mariƙi a cire wasu layukan, sai suka dinga cire biyu ko uku don a samu fili. Wato da hannunsu suka mayar da buroshin Bature kusa da ƙirar mashacin kakanninsu.

Babban sauyi ya zo a 2007 daga wani mai rina gashi ɗan Ingila, Shaun Pulfrey. Ya lura cewa idan haƙori mai tauri ya gamu da ƙulli, ɗaya daga cikin biyu ne: ko ƙullin ya ƙara tsukewa, ko silin ya tsinke. Sai ya ƙera buroshi mara mariƙi, mai cika tafin hannu, wanda haƙoransa na roba ne mai taushi, wasu dogaye wasu gajeru. In dogon haƙori ya ci karo da ƙulli sai ya lanƙwasa ya tsallake, ya koma tsaye, na bayansa ya zo ya ƙara taɓawa, har ƙullin ya saki a hankali. Gajerun kuma suna kwantar da saman gashin. Ya kai samfurinsa gaban wasu attajirai a wani shirin talabijin na BBC, suka ƙi zuba ko dala. A ƙarshen 2024, kamfanin BIC na Faransa, wanda kowane ɗan Nijar ya san alƙalaminsa da rezarsa, ya sayi kamfanin wannan buroshi, Tangle Teezer, a kan kusan yuro miliyan 200, wato wajen miliyar 131 na kuɗin sefa.

Sai dai samfurin farko na wannan buroshi haƙoransa sun yi gajarta da laushi ga suma mai cika irin tamu, shi ya sa daga baya kamfanin ya fito da wani mai dogayen haƙora masu ɗan ƙarfi. Wata baƙar fata mai gyaran gashi a Amurka, Felicia Leatherwood, ta bi wata hanyar daban. Nata buroshin bayansa a tsage yake, kowane layin haƙora yana tsaye da kansa kamar yatsun hannu, a haɗe kawai ta wajen mariƙi. In ya shiga gashi mai yawa sai layukan su buɗe, in ya fita su koma. Ruwa da kumfa kuma suna wucewa ta tsagar, ba sa kwanciya a ciki. Ire-iren wannan ƙira, na asali da na kwaikwayo, yanzu sun bazu a duniya.

Idan aka tattara, maƙeran wannan zamani abu huɗu suke aunawa: tsawon haƙori, faɗin da ke tsakani, yawan lanƙwasarsa, da santsin bakinsa. Uku daga ciki masassaƙan Afrika sun riga sun san su. Lanƙwasa ce kaɗai sabuwa, kuma amfaninta shi ne ta sa mashaci ya zama shi ne mai ba da kai idan gardama ta haɗa shi da gashi.

Ruwa, yoɗo da haƙuri

Kome kyawun kayan aiki, sai da iya riƙo. A nan ma akwai bambanci tsakaninmu da masu miƙaƙƙen gashi. Su ana hana su taje kai yana jiƙe, domin jiƙaƙƙen sili ya fi rauni. Mai murɗiya kuwa, ruwa yana sassauta naɗinsa ya sa ya yi laushi, don haka ƙarfin da ake buƙata wajen ratsa shi yana raguwa ƙwarai. Ƙungiyar likitocin fata ta Amurka tana ba masu irin wannan gashi shawarar su taje shi da danshi. Taje busasshen kai a tsakiyar hunturu da mashacin roba shi ne mafi muni, domin gogayya tana sa silin ya dinga tashi.

Ruwa kaɗai bai isa ba, sai da abin da zai kawo santsi. Kamfanoni suna sayar da man laushi iri iri a kwalba, amma matan karkara suna da nasu tun tuni: yoɗo, wanda wasu ke kira karkashi. Ganyensa in an jiƙa yana ba da yauƙi mai wanke kai ya kuma sa sili ya zame bisa ɗan'uwansa. Wannan ganye da muke miya da shi, shi ne matan Cadi ke kira ambunu, kuma yau ana ƙulla shi a leda ana sayar wa baƙar fatar Turai da Amurka ta intanet a matsayin maganin sarƙewar gashi.

Game da inda ake farawa, a 2022 wasu masana lissafi na jami'ar Habad a Amurka, ƙarƙashin Farfesa Mahadevan, sun gwada zare biyu da aka murɗe da juna suna ratsa su da haƙori ɗaya. Sun nuna cewa idan aka fara daga sama, haƙorin yana tura murɗin gaba ne yana tara shi, har ya zama curin da ba ya wucewa. Idan kuwa aka fara kusa da baki da gajeren ja, ana hawa sama kaɗan kaɗan, kowane murɗi yana samun hanyar fita. Makitsiyar da ba ta taɓa shiga aji ba ta san haka. Sai dai gaggawar jajibirin Salla, da layin yara goma na jira, kan sa a manta. Ba a fafe gora ranar tafiya: a tsefe kai kwana biyu kafin kitso, a raba shi gida huɗu ko shida, a riƙe gindin kowane kashi da hannu ɗaya don kada zafin ja ya kai ga fata, a fara da yatsu, sannan mashaci mai faɗi, buroshi ya zo a ƙarshe.

Abin dubawa kafin a biya

Araha ba ta ado. Mashacin roba mai arha ana zuba shi ne cikin mazubi mai baki biyu, kuma inda bakunan suka haɗu yakan bar wani siririn kaifi a tsakanin haƙora. Jikin silin gashi yana lulluɓe da ɓawo mai kama da na kifi, kuma wannan kaifi yana kankare shi duk lokacin da ya wuce. Mai saye ta goga mashacin a bayan hannunta, ko ta ratsa zaren auduga tsakanin haƙoransa. In ya karce ta ko ya ci zaren, haka zai yi wa gashi. Buroshin da aka ɗiga wa ƴan ƙwallaye a bakin haƙora shi ma abin lura ne, domin ƙwallon kan maƙale cikin murɗi, in kuma ya fita sai ya bar tsini. Mai katifar roba kuwa yana riƙe ruwa a ciki in ba a shanya shi da kyau ba. Mashacin da haƙorinsa ya karye, a jefar.

Maganar ta wuce ado, ta shafi lafiya. Jan gashi da ƙarfi shekara da shekaru, ko da mashaci ko da matsattsen kitso, yana cinye gashin gaban goshi da na gefen kunne. A binciken da Dokta Khumalo ta yi a wata unguwar birnin Kap, wanda aka buga a 2007, kusan mace ɗaya cikin uku tana da wannan sanƙo, ƴan mata ƴan makaranta kuma wajen 17 cikin ɗari, kuma ya fi yawa ga masu haɗa man miƙarwa da kitso. Da farko yana warkewa in an sassauta, amma in ramin gashin ya mutu ba ya sake tsirowa. Haka nan mashaci ɗaya da ke yawo kan yara da yawa yana ɗaukar makero da kwarkwata daga wannan zuwa wancan. Ya kamata kowace yarinya ta je gidan kitso da nata, a kuma dinga wanke shi da ruwan zafi da sabulu. Addininmu ma bai bar wannan fage ba, domin Abu Dawuda ya ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya umarci mai gashi da ya mutunta shi.

Kira ga masu sana'a

Saura tambaya ɗaya: me ya hana a yi wannan mashaci a gida? Masassaƙan da ke fitar da allo da ƙotar gatari daga icen aduwa ba za su kasa fitar da haƙora takwas masu santsi ba. Ƙahon shanu, wanda maƙeran Turai ke yin mashatai masu tsada da shi, yana zube a mahautanmu na Tawa da Maraɗi. Muna da ƙauyen masu sana'ar hannu na Wadata a Yamai, muna da baje kolin SAFEM na sana'o'in mata, inda irin wannan kaya zai samu masu saye na gida da na waje. Abin da ake bukata shi ne masassaƙi ya zauna da makitsiya ta faɗa masa tsawo da faɗin da take so, ya goge tsakanin haƙora har su yi sumul, ya shafe su da mai. Ƴan kasuwar da ke shigo da kaya daga Kano da Sin su ma su dinga zaɓo masu dogon haƙori da masu lanƙwasa, domin mata ba za su sayi abin da ba su gani a tebur ba.

Ku kuma iyaye mata da makitsa, idan yarinya ta yi kuka ƙarƙashin mashaci, kafin a ce mata raki gare ta, a dubi abin da ke hannu, a dubi ko kan ya sha ruwa, a dubi ta inda aka fara. Allah ya ba mu ikon gyarawa.